A me za a dama? Littafin aikin teburin ifoksi na farko

Asabar 15 Fabrairu 2025

Yau na karɓi kafin alƙalami na teburin falon Alhaji, mun tsaya a dubu 280, ya ba ni rabi. Hoto ya nuna min a waya, irin teburin nan da ake haɗa katako biyu a bar tsakiya kamar kogi a cika da ifoksi mai shuɗi, yace Malam zaka iya? Nace in sha Allahu, alhali wallahi ban taɓa yi ba, iyakata da ifoksi ɗan gam ɗin nan mai bututu biyu da muke liƙa hannun durowa da shi. Shi yasa nace bari in dinga rubutawa ko don gaba.

Na je Na'ibawa 'yan katako na samo maɗaci busasshe falle biyu, dubu 38. Tsawon teburin santimita 100, kaurin katakon 4, ramin tsakiya in an daidaita faɗinsa zai kai 7, wato dai mil 2,800 kenan, kuma tunda ifoksi ya ɗan fi ruwa nauyi zai ci kilo 3 da ɗan ɗoriya. Na sayi ifoksi iri biyu a Sabon Gari, kowanne ruwa biyu ne da ake haɗawa, A da B: na zubi mai ruwa-ruwa wanda yake daɗewa bai kama ba, kilo 3 dubu 57, shi awonsa A biyu B ɗaya ne kuma da nauyi, sai na shafe mai kauri lita 2 dubu 42, shi kuma ɗaya da ɗaya ne da kofi. B ɗin shine hadina, wato mai sa shi ya ƙame. Sikeli ƙarami na kicin 7,500, garin kala shuɗi 3,000. Yaran shago tuni sun raɗa masa suna ruwan gilas.

Duk lissafin nan da na zauna nayi ko sau ɗaya ban tambayi kaina a cikin me zan dama abin ba.

Talata 18 Fabrairu

Kai yau naga abin mamaki. Nace bari in shafe bakin katakon inda zai haɗu da kogin don kar ya dinga fitar da kumfa, sai na aiki yarona gun mai shayin bakin layi ya karɓo min kofin roba irin fari shara-sharan nan na biki babba. Na zuba A na zuba B wajen mil 300 gaba ɗaya, na juya sosai, ina ɗaukar burushi sai ga kiran wata Hajiya da muka yi wa wadrob wai ƙofa ɗaya bata rufuwa, na ajiye kofin a kan benci na fita waje don injin maƙocina mai walda ya cika kunne. Ban fi minti 20 ba wlh sai naji yaron yana ƙwala min kira, Oga! Oga hayaƙi yake! Ina shigowa na tarar kofin ya lanƙwashe ya zauna kamar an taka shi, gindin ya narke, abin ya koma ruwan ɗorawa yana tururi yana wani wari mai hawa kai, rabi ya daskare rabi yana bin ƙafar benci. Yaron ya kai hannu zai ɗauka na daka masa tsawa, da filaya na ɗauko na wurga kan yashi a waje.

Da daddare na zauna na karanta takardar jikin galan ɗin da ya kamata in karanta tun ran Asabar. Ashe da zarar A da B sun haɗu su da kansu suke haifar da zafi, kuma zafin ne yake ƙara musu saurin kamawa, saurin kuma ya ƙara zafin, haka abin yake ta cin kansa. In ya taru a abu mai zurfi mai ƙaramin baki zafin bashi da hanyar fita. Minti 30 ɗin da suka rubuta na lokacin aiki kafin ya kama kuma a yanayin digiri 25 suke nufi, ni kuwa ƙarfe biyu na rana ne a ƙarƙashin kwano a Kano. Masu yin aikin suna cewa kusan duk ƙarin digiri 10 lokacin aikinka raguwa yake da rabi. To kaga ni ban da minti 30 tun farko.

Asarar yau mil 300, in an lissafa dubu 6 da ɗari uku, a kofin naira 50. Ɗan hakin da ka raina kenan.

Laraba 19 Fabrairu

Kankare benci da cizal. Ya tafi da fatar katakon wuri biyu. Na siminti kam na haƙura, ya zauna kenan.

Juma'a 21 Fabrairu

Bayan masallaci ban yi aikin komai ba sai tara tarkace. Wani abokina da ya taɓa aiki a kamfanin roba a Sharaɗa ne ya buɗe min ido, yace kai kana kifa roba ka duba gindinta kuwa? Akwai ɗan triangul da lamba a ciki daga 1 zuwa 7. Gorar ruwa da ta lemo 1 ce, jarka 2, leda mai laushi irin ta fiya wata 4, robar tekawe mai haske da bokitin fenti yawanci 5 wani lokaci har da PP a rubuce, shi kuma kofin da ya narke min da farar robar soso ta shinkafa 6 ne. Yace 2 da 4 da 5 gam baya kama su da daɗi, shi yasa in jarka ta fashe kake fama ka liƙe taƙi sai dai a ɗona mata wuta. Shekara nawa ina ganin lambobin nan na zata adon kamfani ne.

Nace to ba zan yarda da baki kawai ba. Na jera abu goma a kan filawud: robar tekawe sabuwa, gindin jarkar man gyaɗa da na yanke, ledar fiya wata da na shimfiɗa cikin murfi, gindin gorar ruwa, kofin biki, robar soso, kofin takarda, gwangwanin madara, tsohon kofin tangaran mai tsagewa, sai ƙoƙo, wanda mai shayi ne ya kawo shi don tsokana wai kakanninmu a ƙwarya suke damu. Na dama mil 200 na raba musu kusan cokali ɗaya da rabi kowanne, na rufe da kwali saboda ƙura har yanzu bata gama sauka ba.

Litinin 24 Fabrairu

Sakamako ya fito kuma abokina yayi gaskiya. Robar tekawe ina matsa gefenta naji ƙas, abin ya ɓalle ya faɗo kamar alawa, har tambarin gindin robar ya fito a jikinsa, robar kuma fes kamar ba a taɓa zuba komai ba. Gindin jarka ma haka, amma saman nasa yayi wani dishi-dishi don duk wankin da aka yi mata akwai sauran maiƙo, na dai lura da wannan amma ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Ledar fiya wata ta ɓare salin alin.

Gorar ruwa sai da na yayyaga ta kafin ya fita, amma ba wannan ne ya dame ni da ita ba, gindinta ne, duk lunguna ne da kwari, sandar juyi bata shiga, kuma kowa ya san yadda gora take tsukewa in an zuba mata ruwan zafi balle wannan. Na cire ta. Kofin biki ya liƙe ya dare gida uku. Robar soso kam tafi kowa muni, ta kama, kuma wajen juyawa ma sanda tana kankaro farin ɓurɓushi yana shiga ciki, da yaro ya ɗiga mata tina don ya gani sai ta huje nan take kamar an sa mata garwashi. Dama tun Janairun 2024 gwamnatin Legas ta hana amfani da ita, ni ma na hana a shagona.

Kofin takarda bai yi laifi ba, cikinsa akwai 'yar leda siririya shi yasa baya tsotsa, sau ɗaya dai zaka yi amfani da shi ka yar. Sai dai akwai masu kakin kyandir a jiki, ka karce da farce in wani fari ya biyo farcen to ajiye shi, zafi zai narkar da kakin ya shiga aikin. Gwangwanin madara ya riƙe har abada, ga bakinsa mai lanƙwasa da yake ɓoye wanda bai gauraya ba, amma na bar guda biyu manya na tumatir a gefe da yashi a ciki, in wani ya ƙara ɗaukar zafi nan zan juye. Tangaran ya zama abu ɗaya da ifoksin. Ƙoƙo kuwa ya shanye kusan rabi amma cikinsa yayi ƙyalli kamar an masa gilas, mai shayi ya ɗauke abinsa yace na zuba canji ne.

Na tsaya a kan lamba 5. Na sayo tekawe masu faɗi marasa zurfi guda 50 dubu 4,500.

Alhamis 27 Fabrairu

Yau ƙananan tsagu da ramin ƙwaro na cike da gam mai minti biyar, irin Araldite ɗin nan. Shi ba kofi yake buƙata ba, wuri mai lebur yake so ka matsa kaɗan kaɗan ka haɗa. Da can a kan yagaggen kwalin indomi nake yi, yau da na sa ido sai naga kwalin yana shanye ruwan kuma gashinsa yana biyo tsinke, a hannun durowa ba mai gani amma a saman tebur zai fito. Na gwada gutsuren tayil, yayi kyau sosai ba ya motsi, sai dai in ka bari ya bushe sai reza. Gindin gwangwanin maltina in ka kifa shi ka goge da sifirit shi ma yayi, ɗan kwarin nan nasa kamar don haka aka yi shi.

Wanda yafi min duka dai: na samu guntun filawud na lulluɓe shi da salatif mai faɗi na ɗaure kwali, in na gama in bari ya bushe in ɓalle da farce, in salatif ɗin ya gaji in ɗaye in sa sabo. Ko kuma ka manna maskin tef layi uku a kan bencin kansa ka dama a kai ka ɗaye ka yar. Abin shafawa tsohon katin ATM, na juyi kuma na yanko siraran katako masu kai a miƙe ba zagaye ba, don su shiga kusurwar roba.

Asabar 1 Maris

An tashi da azumi. Allah ya karɓa mana. Aikin zubi duk zai koma bayan asuba, dama zafi ya fara.

Talata 4 Maris

Wannan kam laifina ne ba na yaro ba duk da shi na fara yi wa faɗa. Na ce masa ya miƙo min roba ɗaya in shafe bakin katakon, ashe sabbin suna cikin loka na kulle makullin yana aljihun wata rigar a gida, shi kuma don kar ya ɓata min lokaci sai ya ɗauko wata tekawe da muka ci shinkafa da miya a ciki tun kafin azumi, ya wanke da omo ya goge ya kawo. Lamba 5 ce, a ido tsaf take. Na dama mil 200 na shafe duka ɓangarorin biyu har da ɗan saman.

Bayan kamar minti goma sai naga abin yana gudu daga wasu wurare, ƙananan ramuka zagaye kamar idon kifi, ka ja burushi ka rufe ya sake buɗewa a gabanka. Sun fi talatin. Na ɗauko robar na shafa yatsa a kusurwa naji santsi, na kai hanci, manja. Roba irin wannan tana riƙe maiƙo, uwargida ma ta sha faɗa cewa robar da aka zuba miya bata komawa fara, kuma ai na gani a gindin jarka ran Litinin waccan na share.

Nace masa kai meyasa baka faɗa min ba, yace Oga ai kai kace lamba 5. Nayi shiru don gaskiyarsa. Sabuwar doka: duk abin da abinci ko mai ko man shafawa ya taɓa shiga ba ya zuwa kusa da ifoksi ko an wanke shi da me. Na kuma kwashe gwangwanin feshin sakin noti da man inji daga wannan ɓangaren shagon gaba ɗaya don su ma haka suke yi.

Alhamis 6 Maris

Sanfefa lamba 80 sannan 120, da azumi, ba wuta, na kunna janareta. Na goge da asiton, ruwan nan mai cire maiƙo, na dama a sabuwar roba na sake shafawa. Ya kwanta lafiya.

Litinin 10 Maris

Akwatin zubi. Ragowar allon MDF na wadrob ɗin Hajiya nayi amfani da shi, na lulluɓe ƙasan da gefuna da salatif layi kan layi kowanne ya hau ɗan'uwansa kaɗan, nadi huɗu ya ci, 900 kowanne. Abin da na koya a guntun filawud ne dai na faɗaɗa. Duk inda salatif ya tattare na ɗaye na sake don ko wace tattara zata fito a jikin ifoksin kamar yadda tambarin roba ya fito. Kusurwoyi na bi da silikon na bar shi ya kwana. Na ɗaure katakon da kilam don kar ya taso, ƙarƙashin kowane kilam na sa ɗan katako mai salatif shi ma. Na duba lebur ta ko'ina, ƙafar benci ɗaya sai da na sa mata murfin kwalba biyu.

Tekawe ba zata ɗauki kilo ɗaya da rabi ba, don haka na sayo ƙananan bokitai sababbi fil guda uku masu lita 4, 1,200 kowanne. Mai shagon yana ta kallona ina kifa su ɗaya bayan ɗaya ina leƙa gindi, yace Alhaji lafiya dai ko? Nace lamba nake nema. Ya zata ko na caca ne.

Laraba 12 Maris

Zubin farko, santimita 2. Bayan sallar asuba na wuce shago kai tsaye, gari da ɗan sanyi-sanyi. Na ɗora bokiti a sikeli na danna ya koma sifili, A giram 1,000, B giram 500, kala rabin ƙaramin cokali. Na juya minti huɗu a hankali don kar iska ta shiga. Na zuba. Da naga abin da ya rage a jikin bokitin sai zuciyata ta tuna dubu 57, na sa katin ATM na kankare gefe da gindi tas na zuba a ƙarshen kogin ta hannun dama, har na kifa bokitin a kai ya ɗiga na minti biyar. Na bi kumfa da dirayan gashi na uwargida daga nesa, na rufe da kwali. Shuɗin yayi kyau masha Allah.

Alhamis 13 Maris

Bai yi zafi sosai ba, ɗumi kawai. Ban taɓa ba.

Lahadi 16 Maris

Innalillahi. Kwana huɗu, ko'ina ya ƙame kamar dutse banda ƙarshen hannun dama daidai inda na kifa bokitin, wuri kamar tafin hannu, ka danna farce ya shiga, ga wasu layuka masu danƙo kamar zuma a sama. Na bashi har yau ne ina cewa ko zai kama, ba zai kama ba, wanda bai samu hadinarsa ba ko shekara zai yi haka zai zauna.

Na ɗauko bokitin na duba da fitilar waya. Na cikin ya ɓalle kamar yadda ake so amma a zagayen gindin akwai wani ɗan kwari siriri inda bango ya haɗu da ƙasa, ga kuma ɗan tudu a tsakiya, a nan na tarar da A tsantsa yana nan da ruwansa. Shi A dama kauri gare shi kuma shi na fara zubawa, ya manne a bango da kwarin nan, sanda tana wucewa ta samansa. Da na barshi a bokitin da ba abin da zai faru, ni da hannuna na kankaro shi na zuba a aikin Alhaji don kar in yi asarar abin da bai kai na naira dubu ɗaya ba. Garin gyaran gira.

Na kwashe wurin da cizal da cokali har sai da na kai ga mai tauri, na goge da asiton sau uku, na bi da sanfefa. Ya ɗauke ni tun hantsi har la'asar. Yanzu kilo ɗaya da rabin da ya rage ba zai cika ramin ba, dole in ƙaro. Na kira mai kaya yace ƙaramin na kilo ɗaya da rabi dubu 30, wai kaya sun tashi. Na tura masa.

Litinin 17 Maris

Bayan hannuna da tsakanin yatsu sun yi ja suna ƙaiƙayi. Jiya da tina na wanke hannu, wanda ashe shine babban kuskure don tina narkar da abin take ta shigar da shi fata. Sabulu da ruwa ne kawai ya kamata. Kuma ance in jiki ya fara ƙin ifoksi to ya ƙi kenan, kullum ka taɓa sai ya tashi. Na sayo safar hannu shuɗiya ta naitiral kwali ɗaya dubu 7 a kemis, ni da yaro ba mai ƙara taɓawa da hannu tsirara.

Laraba 19 Maris

Zubi na biyu. Wannan karon bokiti biyu: na auna a na farko na juya minti uku ina bin bango da kusurwa da sanda mai kai a miƙe, na juye a na biyu sabo ba tare da na kankare na farkon ba, na ɗauki sabuwar sanda na ƙara minti biyu, sannan na zuba, abin da ya ƙi fitowa da kansa na barshi. Sau biyu nayi haka, giram 900 sannan 900, don ban so ya taru da yawa a bokiti ɗaya da zafin nan da ake yi yanzu. Yaro yana riƙe da waya yana duba min minti.

Sandunan na bar su a tsaye cikin bokitan, in ya bushe sanda ce zata zama mariƙin da zaka fizgo ragowar da shi. Kuma ragowar nan ita ce shaidata, in na bokiti na biyu ya ƙame to na tebur ma ya ƙame, ba sai na dinga danna farce a aikin mutane ba.

Asabar 22 Maris

Na fizgi sanda, ragowar ta fito ɗungurungum da siffar bokitin kamar ƙaramin faranti shuɗi. Tauri ƙwarai. Bokiti na biyu ya dawo sabo, na farkon kuwa akwai danƙo a kwarin nan kamar yadda na zata, sai an goge da sifirit. Wato abin da na saya da niyyar yarwa shine yanzu nake ta maimaitawa, tekawe 50 ɗin nan har yau guda 9 kawai na taɓa.

Wani abu ya faru da yamma da ya tsaya min a rai. Na tara robobin da suka lalace a bakin ƙofa zan zubar, har da wadda aka yi gwajin farko da bokitin ran 12 mai danƙo, sai ga wani ɗan almajiri bai fi shekara tara ba ya tsuguna ya ɗauki bokitin yana goge cikin da gefen rigarsa, yace Baba in ɗauka? Na bara zan yi da shi, an kusa shan ruwa. Gabana ya faɗi. Nace a'a ɗan malam ajiye, wannan guba ce a ciki, kawo hannunka in gani. Na sa yaro ya wanke masa hannu da sabulu, na buɗe loka na bashi sababbi biyu da murfinsu. Daga yau duk robar da zata fita daga shagon nan sai abin cikinta ya bushe tukuna, sannan in tsaga ta da wuƙa gida biyu, mai ruwa kuma in haɗa masa ɗan A da B ya daskare kafin a zubar. Ko 'yan gwangwan ba zan ba su da lafiyarta ba don ban san hannun da zata ƙare ba.

Litinin 24 Maris

Na kwance akwati. Salatif ya saki ko'ina banda wani wuri kamar kan yatsa inda biyu basu hau juna ba, nan ya ciro fatar MDF ɗin, sanfefa ta cinye. Layin salatif ya fito a ƙasan amma ƙasa ne. Wurin da na yi faci in ka san da shi zaka ga ɗan bambancin shuɗi, in baka sani ba sai kace ado ne.

Talata 25 da Laraba 26

Sanfefa. Sanfefa. Ƙafafu sun iso daga gun mai walda, dubu 22.

Alhamis 27 Maris

Shafen ƙarshe da na ɗaya da ɗaya, wanda ya narkar min da kofi. Mil 800 amma kashi biyu na dama, 400 kowanne, a tekawe mai faɗi, kuma ina gama juyi na juye shi duka a kan teburin na baza da kati, ko minti ɗaya bai ƙara a roba ba. Awon kofi nayi da kofin takarda guda biyu iri ɗaya da na ja wa layi da biro, ɗaya na A ɗaya na B, na rubuta a jiki. Teburin na ɗora shi a kan robobin tekawe huɗu a kife don abin da ya zubo ta gefe kar ya liƙe shi da benci, bencin da ƙasa kuma na shimfiɗa babbar leda mai kauri irin wadda ake sa wa katifa. Jarida kar ma ka fara, huda ta yake ya manne har da rubutun. Ƙarƙashin bakin teburin na zagaye da maskin tef saboda ɗigo. Na yayyafa ruwa a ƙofar shago don ƙura, na kulle na hana kowa shiga har mai shayi.

Asabar 29 Maris

Ya bushe, ƙuda ɗaya ya mutu a kusurwa, na cire na gyara da ɗigo ɗaya da na dama a kan filawud mai salatif. Ɗigon da ya zuba a leda duk ya ɓalle, yaran layi suna ta roƙo wai na wasa ne, na ba su tunda ya ƙame. Gobe sallah in an ga wata.

Alhamis 3 Afrilu

Na kai tebur. Alhaji ya zagaya shi sau biyu ya shafa ya tsaya daidai kan facin nan yace wannan wurin yafi ko'ina kyau, kamar ruwa mai zurfi. Nace na gode Alhaji. Ya cika min kuɗina, kuma ƙaninsa yana son na cin abinci mai mutum shida.

Lissafi: katako 38,000, ifoksi duka uku 129,000, sikeli da kala 10,500, ƙafafu 22,000, safar hannu 7,000, salatif 3,600, tekawe da bokitai 8,100, sanfefa da asiton da silikon 6,000, man janareta 8,000. Jimla 232,200. Abin da ya rage min 47,800 na sati kusan bakwai, ban cire na yaro ba.

Na teburin ƙanin nasa zai ci kamar kilo 12, bokitin lita 4 yayi kaɗan. Gobe zan shiga Ƙofar Ruwa in duba bokitin fenti sabo wanda ba a taɓa zuba komai ba, mai gindi sumul ba kwari, in na samu huɗu. Naga kuma kofunan silikon masu layin awo a intanet, zan sa a kawo min biyu in gwada a ƙananan aiki tukuna kafin in yarda da su. Kuma sai na sayi fanka mai caji, don Afrilu ta kama kuma ko bayan asuba yanzu shagon da ɗumi yake.